Kunnen Ɗan Tunkiyar Rannveig

Skarfavík, 18 ga Oktoba

Salvör 'yar'uwa,

Gaisuwa daga bakin teku, da fatan hannun da aka yi wa aiki ya fara saki. Mu muna nan ƙalau. Inna Jórunn ƙafa ce kawai ke damunta, bakin kuwa lafiyarsa lau. Tumaki sun sauko daga duwatsu, biyu ne ba a gani ba.

Ki yi haƙuri da takarda. Sau biyu na ɗauki waya zan kira ki ina ajiyewa, don in ina magana ba na faɗin abin da nake nufi, sai an rabu nake tunawa. Wannan ma karo na uku ke nan da nake sake kwafe ta.

Rabonmu da haɗuwa tun jana'izar mahaifinki, amma na karanta littattafanki na labari guda uku, biyu na gane su. Na kuma ji ki a rediyo kina magana a kan allon zanen da ke saman bagade, wato teburin ibada, a ɗan cocin gonarmu. Kin ce shekara goma ke nan kina zargin ba wani baƙo ɗan Denmark ne ya zana shi ba, kamar yadda littafin gidan tarihi ya ce. Kin ce Rannveig ce, kakar kakar Inna, kuma kakar kakar mahaifinki, wadda ta yi aikatau a gidan nan ba ta ko iya rubuta sunanta ba. Mai tambayar ya yi dariya ya ce ai dama ƙirƙirar labari sana'arki ce. Inna ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Talata, 14 ga wata, na shiga cocin zan rufe tagogi saboda hunturu. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta tagar kudu ya bugi allon a kaikaice. Kin san ƙarƙashin teburin da Almasihu da mabiyansa ke cin busasshen kifi, can ƙasa a kusurwa, inda kowa ya ɗauka inuwa ce? Ɗan tunkiya ne a kwance, yana kallon mai kallonsa. Kuma kunnuwansa da shaida: na dama an tsaga tsininsa, na hagu an datse.

Salvör, wannan shaidar tumakin Inna ce. Ta gaje ta daga uwarta, ita ma daga tata uwar, har a kai ga Rannveig. Tun ina ɗan shekara tara nake yanka ta. Wadda ba ta iya rubuta suna, da me za ta sa hannu in ba da wannan ba?

Na kira maƙwabcina Bárður ya gani. Kafin ya gama kofinsa ya taho, rana ta bar tagar. Ya sa tabarau, ya cire, ya ce, “Torfi, ni dauɗa nake gani. Kai dai ka daɗe ba mata, shi ya sa ko a coci tunkiya kake gani.” Inna ba ta ganin abin da ya fi cokali ƙanƙanta. Na ɗauki hoto da waya, baƙi ƙirin ya fito. Ranar 16 na sake ganinsa na ɗan lokaci, na zana shi a littafina na kullum. Tun daga nan hadari ne, kuma sati mai zuwa rana za ta faɗa bayan dutse sai Fabrairu.

Wataƙila ba komai ba ne. Karatuna a sakandare ya tsaya, ke kika san waɗannan abubuwa.

Ɗan'uwanki,
Torfi

Reykjavík, 3 ga Nuwamba

Torfi nawa,

Hannu na nan yadda yake, ka gaishe da Jórunn, ka ce mata na gode da kashe rediyon.

A tsaye na karanta wasiƙarka, da rigar ruwa a jikina, na zauna a kan matakala na sake karantawa. Washegari na tafi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na sa aka fito mini da littafin shaidar tumakin yankinku na wancan zamani. Tana ciki. Rannveig, baiwar Allah, da tumakinta uku: dama a tsage, hagu a datse. Ta maigidanta Eyjólfur ce a samanta, iri ɗaya amma a juye, kamar yadda ake ba barorin gida. Na yi kuka a gaban wani ɗalibi, ya tashi ya sake kujera.

Shekara goma ina duban allon nan da gilashin ƙara girma, ina auna yadda aka ja buroshi, ina rubuta wasiƙu Copenhagen. Ban taɓa tunanin in dubi kunnen dabba ba. Kai ka ce karatunka a sakandare ya tsaya. Nawa ban san inda ya tsaya ba.

A littafin da nake yi a kan Rannveig babi goma sha ɗaya na rubuta, na sha biyu babu komai cikinsa sai “mai yiwuwa”. Masu tarihi ba su yarda da ni ba don ina rubuta labari, masu karanta labari kuma suna tambayata yaushe zan bar tsofaffin katakai in dawo. Hoto ɗaya mai kyau ya ishe ni.

Ba zan iya zuwa yanzu ba. Sabon littafina na labari ya fito, daga nan har Kirsimeti kullum ina wani wuri ina karanta wa mutane shafi huɗu, jiya a gidan tsofaffi, yau a masana'antar kifi lokacin shan kofi. Janairu kuma ina koyarwa a waje. A ƙarshen Fabrairu zan zo da Dagný, wadda aikinta gyaran tsofaffin zane-zane, da fitilarta mai haska abu a kaikaice. Kwana uku za mu yi. Yadda zan yi kwana uku durƙushe a wannan ƙanƙarar cocin naku da yatsun nan, da ko madara na ɗauko daga firiji sai sun sandare, Allah kaɗai ya sani.

Kada ka wanke shi. Kada ka shafa masa komai. Kada ka bar Bárður ya sa masa yatsa. Ka kula mini da shi kawai.

Taka,
Salvör

Skarfavík, 12 ga Disamba

Salvör 'yar'uwa,

Da fatan muryarki ba ta dishe da karatu ba. Muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse sau biyu, mai kawo wasiƙu sau ɗaya ya zo a makon jiya. Littafinki ya iso, Inna ta ɓoye shi sai ranar Kirsimeti.

Abubuwa uku da kika hana, ban yi ko ɗaya ba. Na rubuta su a bangon littafina. Maganar yatsunki ce ta tsaya mini. Da na karanta wa Inna wurin, ta ajiye saƙarta ta ce, “Baƙuwa za ta taso daga kudu da ciwon hannu ka durƙusar da ita a cikin ƙanƙara? A gidana? Ubanka ko mai tallan injin tatsar nono bai taɓa bari ya ji sanyi ba.” Na ce ai cocin shekara ɗari da hamsin ba a taɓa ɗumama shi ba. Ta ce, “Shi ya sa duk wanda ya yi ibada a ciki ya mutu.”

Sai na yi abin da ya kamata. Ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa bayan garken tumaki, wanda ke ɗumama mana gida, rabinsa a teku yake ƙarewa. Na ja bututu daga can zuwa cocin, na binne shi. Bárður ya kawo tsohon ƙarfen ɗumama ɗaki daga makarantar da aka rufe, muka kafa shi a jikin bango ƙarƙashin allon, ta gefen ɗan tunkiyar, tunda a nan za ki durƙusa. Na fara tun yanzu don sanyin ya fita daga katako kafin ki zo. Ranar 20 ga Nuwamba ma'aunin zafi ya nuna biyu. Bayan kwana huɗu ya kai goma sha tara. Yanzu ashirin da uku yake, safe da yamma, ban taɓa fashin dubawa ba.

Warin danshin nan duk ya tafi. Ranar Lahadi Inna ta sa na kai ta, ta zauna a kujerar gaba ba safar hannu, ta yi waƙa baiti biyu. Wani lokaci katakon yakan yi ƙas, ƙas. Na tambayi Bárður, ya ce tsoho ne ya samu wuta yana miƙa.

Ina fatan ban yi shisshigi ba. Ɗakinki ma na gyara. In akwai abin da ba kya ci, ki faɗa, don Inna ta riga ta ware kawunan tumaki huɗu.

Barka da Kirsimeti.
Torfi

Reykjavík, 27 ga Janairu

Torfi,

Yau na dawo, yau na buɗe wasiƙarka, tana cikin tarin katunan Kirsimeti mako shida. Na buga waya sau biyar. A na shida Jórunn ta ɗauka ta ce kana wurin tumaki, ta tambaye ni ko ina cin idon kan tunkiya ko a cire mini. Na yi ta ihu a kashe zafin nan, ban san me ta ji ba. Taka wayar a kashe take.

Allon nan daga itacen da teku ya kawo aka yi shi, ya sha danshi tun kafin a haifi kakanninmu, danshin ne ke riƙe da shi. In ya bushe katako zai tsuke, fenti kuwa ba ya tsukewa, sai ya tashi ya zube. Ƙarar da kake ji ke nan.

Na kira Dagný bayan na yi magana da Jórunn, ta ce na yi kuskure. KADA KA KASHE GABA ƊAYA. Ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, awo ɗaya duk kwana biyu. Kada ka buɗe ƙofa. Na sake kira, ba a ɗauka ba. Duk abin da ya faɗo ƙasa kada a share.

Laifina ne da ban faɗa ba. Ban taɓa zaton wani zai ɗumama wannan cocin ba.

S.

Skarfavík, 2 ga Fabrairu

Salvör,

Muna lafiya. Zan faɗi abin a jere yadda ya faru, daga littafina nake kwafowa.

27 ga Janairu. Na shigo daga garke, Inna ta ce, “Yarinyar nan ta kira tana ihu kamar an taka ta. Ta ce ka kashe, ka kashe, zafi na cinye allon.” Sai ta cire wayar gida daga bango, wai ƙarar ta dame ta, ban lura ba sai bayan kwana biyu. Tawa tun Kirsimeti take cikin aljihun wata riga. Na ruga na rufe famfon. Na ga ma'auni bai sauka da sauri ba, sai na buɗe ƙofa da tagogi biyu na tokare su. A waje sanyi ya kai tara ƙasa da sifiri, da iskar arewa. Kafin awa uku cocin ya koma yadda kakanninmu suka san shi. Na ɗauka na ceci abin.

28. Da safe na ga tsaga daga saman allon har ƙasa, tsakanin katako na biyu da na uku. Ɗan yatsana yana shiga.

29. Fentin ƙasa ya tattashi kamar ɓawon kifi. Ban taɓa ba.

31. Wasiƙarki ta iso.

Fuskokin suna nan, sai mutum ɗaya da ya rasa haɓa. Kifin yana nan. Kusurwar da ke saman ƙarfen, faɗin tafin hannuna biyu, katako ne zalla. Na duba da tocila ta kowane gefe. Da kan ɗan tunkiyar da rabin jikinsa duka sun zube ƙasa.

Ban share ba. Na tsince su da gashin tsuntsu a kan farar takarda, na zuba a gwangwanin alewa na Kirsimeti, da auduga a ƙasa. Mafi girmansu bai kai farcen ɗan yatsa ba, yawanci kuwa gari ne. Da na koma baya a littafina, na ga tun 9 ga Disamba na rubuta “ƙura baƙa a kan ƙarfen, na goge”. Na sake rubuta haka sau goma sha ɗaya. Ban san me nake gogewa ba.

Bárður ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, “Ni na kawo ƙarfen.” Na ce ni na roƙa. Ya ce, “To Dagný ɗin nan ba ta da gam ne?” Muka zauna cin abinci da Inna. Ta ce, “Duk da haka ba a barin baƙo cikin sanyi.” Amma ba ta ci ba.

Kin ce laifinki ne. Na karanta wasiƙarki ta Nuwamba sau da yawa, babu inda kika ce in ɗumama. In kin fasa zuwa zan gane.

Torfi

Reykjavík, 9 ga Afrilu

Torfi nawa,

Na gode da masauki, ka gode wa Jórunn da safar hannun da ta saƙa mini, da ita nake rubutu yanzu. Ka yafe mini rashin magana a kwanakin da na yi wurinku. Ba fushi nake da kai ba. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Dagný ta yi mako biyar a kan gwangwanin. Ta mayar da ƙafa ɗaya da ɗan gashin baya, don haka yanzu kowa ya yarda akwai dabba a wurin. Kunnuwan ba su cikin gwangwanin. Ta haska katakon da duk fitilar da take da ita, babu abin da ya rage a ƙasa.

Na kai wa kwamitin da ke sabunta littafin gidan tarihi maganar. Shugabansu, wanda muka yi aji ɗaya da shi, ya ce, “Salvör, labari ne mai daɗi ƙwarai. Har da zubewar fentin. Da ni ne ke, da haka zan ƙare shi.” Amma sun yarda da abu ɗaya. In wanda ya gani da idonsa, mai kiwon da ya san shaidar tumaki, ya sa hannu a gaban shaidu biyu, za su rubuta sunan Rannveig a ƙasan shafi, da “an ce”. Ba shi na nema ba shekara goma, amma sunanta zai shiga littafi, kuma babi na sha biyu zai samu abin tsayawa a kai.

Ga takardar nan a ciki. Layi uku ne: ka gani ranar 14 da 16 ga Oktoba, dama a tsage, hagu a datse. Ka haɗo da hoton shafukan littafinka. Suna rufe karɓa ƙarshen Mayu, ba za a sake buga littafin ba sai bayan shekara ashirin ko fiye.

Kai kaɗai ka rage mini.

Salvör

Skarfavík, 21 ga Mayu

Salvör 'yar'uwa,

Da fatan kina lafiya. Ki yafe jinkiri, haihuwar tumaki ce, amma ba ita kaɗai ba. Inna ta kwanta mako guda da mura, ta tashi.

Ranar da takardarki ta zo na kira Bárður da matarsa su zama shaidu, Inna ta yi waina da kofi. Na ɗauko littafin don in ɗauki hoton shafukan. Ranar 14 na rubuta, “tsaga a dama, datsa a hagu”. Ranar 16 na yi zanen. A zanen, tsagar tana hannun dama na takardar.

Kin san yadda muke karanta shaida. Akan sa ɗan tunkiya tsakanin gwiwoyi, bayansa na wajenka, damansa damanka. Ban taɓa karanta kunne ta gaba ba. Na allon kuwa fuskantata yake. In na zana abin da idona ya gani, to tsagar a kunnensa na hagu take, shaidar Eyjólfur ce, mai cocin, kuma kowane baƙo zai iya zana ta don ya faranta wa wanda ya sa shi aiki. In kuwa hannuna ya zana shaidar yadda ya saba, ta baya, to ta Rannveig ce. Ranar 14 ban rubuta daman wa nake nufi ba.

Bárður ya ce, “Kai, sa hannu mana! Wa zai tashi daga kabari ya ƙaryata ka? Eyjólfur?” Matarsa ta ce in bar zanen a gida in aika na ranar 14 kawai. Inna ta ce, “Shekara talatin kana yanka kunnen nan, yau ne ba ka san damanka ba?” Na ce su ba ni kwana biyu. Suka sha kofi suka tafi.

Mako biyar ke nan. Na je cocin na durƙusa a wurin, na rufe ido. Wata rana ina ganin tsagar ta gefen taga, wata rana ta gefen bagade. Na ɗauki ɗan tunkiya mai shaidar Inna na kwantar da shi yana kallona, na zana shi ba tare da tunani ba, sau goma, a ranaku dabam-dabam. Shida sun fito ta wannan gefe, huɗu ta wancan. Abin da na tabbata kawai shi ne da na gan shi ranar nan, nan take na ce ta Inna ce. Amma kwana uku kafin nan na ji ki a rediyo, kuma ina so ya zama ita ce.

Na san abin da wannan zai jawo miki. Na ɗauki biro ya fi sau ashirin. In na sa hannu, sunanta zai shiga littafi a kan maganata, ni kuwa ban san ko gaskiya ba ce, kuma ni na goge abin da za a duba. In wata rana aka tambaye ki, za ki ce ɗan'uwanki ya rantse. Ba na so ki tsaya a kan wannan.

Na sa hoton shafukan biyu, da wata takarda da na rubuta duk abin da ke sama, na sa mata hannu, Bárður ma ya sa yana zagina. Na san ba ita suke so ba. Takardarki tana ƙasa, na mayar miki yadda kika aiko ta.

Ɗan'uwanki,
Torfi